Daga Yashica Zuwa Wayar Hannu a Lafiya

Kafin Lafiya ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, harkar hoto a garin nan tana hannun mutum biyu ne: mai sutudiyo da mai yawo. Na farko yana da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da furen roba, da ɗakin duhu inda yake wanke baƙi-da-fari da hannunsa. Na biyu kuwa kyamarar Yashica ko Zenit ce rataye a wuya, yana bin gidajen suna da biki da makarantu. Mu 'yan sha'awa, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, a gefensu muka tsiro, kuma ba su ɗauke mu a bakin komai ba. Gaskiyarsu ne. Su da abin suke ci, mu albashinmu yake ci.

Fim ɗaya hoto 24 yake ɗauka, ko 36. Idan mai kala ne, sau da yawa sai mu ba direba a tasha ya kai Jos a wanko, a jira kwanaki, a buɗe ambulan gaba na faɗuwa, don wani lokaci rabi sun ƙone. Wannan tsada ita ta koya mana haƙuri. Ba ka danna kyamara sai ka san dalili, shi ya sa kowane hoto yake zuwa da labarinsa. A bayansa a rubuta rana da wuri da sunayen mutane da biro, mai sutudiyo ya buga hatimi. Baƙo ya zo gida, kafin a kawo ruwa an miƙa masa albam, mai gida na gefe yana bayani: wannan ranar da aka kai Inna Makka, wancan ya rasu shekarar da aka yi kwalara.

Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ma'aikata suka kwararo daga Jos, unguwanni irin Bukan Sidi suka cika, hoton fasfo ya zama kasuwa. Amma makarantarmu ta gaske hawan Sallah ce. Sarki Isa Mustafa Agwai ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, don haka akwai waɗanda suka fara ɗaukar hawansa da baƙi-da-fari suka ƙare da waya. Doki ba ya tsayawa ka gyara, ƙura tana cinye haske, dogarai ba sa son ka matso. Wani abokina, malamin firamare, hoton da ya fi so a duk hawan da ya ɗauka babu sarki a ciki. Wani tsohon ɗan barga ne, mai kula da doki, ya durƙusa yana ƙara ɗaure majayi, mahayin yana can sama bai ko kalle shi ba. Ya ce tsohon ne ya koya wa mahayin hawa tun yana yaro. In ba a gaya maka ba, mutum kawai za ka gani a gindin doki.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, masu kyamara suka biyo baya, a 2012 kamfanin Kodak kansa ya durƙushe. Masu wankin fim suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kukan fim ba, yaran yanzu sun fi mu ido. Abin da ke damuna shi ne dubban hotuna a waya babu suna babu rana, waya ta faɗa ruwa su bi ta.

Mu ma ba mu tsira ba. Mai ɗaukar hoto Malick Sidibé na Bamako ya adana nagatif ɗinsa cikin kwalaye, har ya samu babbar lambar yabo a Venice a 2007. Namu gara da damina suka cinye.

Wadda na ga ta kama bakin zaren ita ce Fati Abubakar ta Maiduguri, da shafinta na Bits of Borno a Instagram. A lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓarnar Boko Haram, ta riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan gudun hijira, ta sa abin da suka gaya mata a ƙarƙashin hoton. Yanzu idan matasan unguwarmu suka kawo tsohon albam za su kwafa a waya, nakan ce su juya kowane hoto su ɗauki bayansa ma, kuma su nemi tsohuwar gidan ta faɗi sunayen waɗanda ba a rubuta ba.