Amsar Takardar Magami: Tarihin Na'urar Awon Zuciya

Takardarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu, manomi a Magami ta jihar Zamfara. Ya ce tun da maiɗakinsa ta sauka, ƙafafunta ke kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara. An ce ya kai ta Gusau a liƙa mata wayoyi a ƙirji, shi kuwa yana tsoron lantarki ya ja ta. Yana son jin asalin wannan awo.

To malam, kwantar da hankalinka. Na'urar ba ta sa wa mutum wuta. Ita zuciyar ce da kanta, cikin ikon Allah, ke fitar da ɗan lantarki kafin kowane bugu, na'urar kuwa ɗauka kawai take yi ta zana a takarda.

Wanda ya fara ɗaukar wannan zane a jikin ɗan Adam shi ne Augustus Waller, a Landan, cikin 1887. Har karensa yakan tsayar cikin ruwan gishiri don nuna wa jama'a. Amma wanda ya mai da abin ya amfani marasa lafiya wani likita ne na ƙasar Holan, Willem Einthoven, a farkon shekarun 1900. Injinsa ya kai kilo 270, wato ya kusa buhun masara uku, kuma sai mutum biyar ke sarrafa shi. Majinyaci zai zauna ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Da yake injin ba ya ɗaukuwa, a 1905 sai aka ja wayar tarho daga asibiti zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kilomita ɗaya da rabi. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924. Yau kuwa a hannu ake ɗaukar na'urar, wayoyi 10 ake liƙawa, cikin 'yan mintoci an gama, ba allura ba ciwo.

Yanzu sai mu dawo gida, don alamomin da ka faɗa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego, wanda suka tarar ya yi yawa ƙwarai a yankin. A lokacin an ɗora laifin a kan wankan jego, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, aka buga a 2020, ya fi nuna rama, da talauci, da hawan jini lokacin ciki. Kai da ke ƙauye ka san wace ce ke cin ragowar tuwo a gida, ba sai mun faɗa ba. Duk da haka, mai kumburi ta rage gishiri da kanwa, don suna tara ruwa a jiki.

A 2024 kuma aka bayyana wani gwaji da aka yi wa mata kusan 1,200 a asibitoci shida na Najeriya. An haɗa awon zuciya da kwamfuta mai karanta zanen, sai aka gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda ake ganowa da duba na yau da kullum.

Abu guda dai, malam: zanen ba ya faɗin komai da komai. Yana nuna bugun da ya rikice, ko zuciyar da ta yi kauri don hawan jini, amma wani lokaci sai likita ya ƙara da hoton zuciya, irin sikanin da ake yi wa masu ciki. In ya nema, kada ka ce yawo yake yi maka da hankali. Kada ka jira a yi arba'in, kada ka jira ranar kasuwa. Ku tafi da katin awon cikinta da duk maganin da take sha, har na gargajiya, a nuna wa likita.