Yashin da Aka Koya wa Gudu

A sana'armu ta masu kula da kwamin ninkaya, babu abin da ya kai yashi arha a ɗakin inji, kuma babu abin da ya girme shi. Injin jan ruwa, da bawul, da bututun roba, duk 'yan bana-bakwai ne. Shi kuwa yashi ya haura shekara 200 yana wannan aiki, kuma ba don masu ninkaya aka fara sa shi ba.

A 1804, John Gibb, mai masana'antar wanke yadi a garin Paisley na Sikotland, ya gina matatar yashi domin ruwan aikinsa, rarar kuma ya riƙa sayar wa mutanen gari. A 1829 injiniya James Simpson ya gina wa kamfanin ruwa na Chelsea da ke Landan babbarta. Ruwan kogi ake kwararawa a kan shimfiɗar yashi mai faɗi, a ƙyale shi ya tsiyaye da kansa, santimita 10 zuwa 30 kacal a awa guda. Maginan sun ɗauka yashin ne ke yin aikin duka. Sai daga baya aka gane cewa wata 'yar fata mai yauƙi da ke tasowa a samansa, cike da ƙananan halittu, ita ke cinye ƙwayoyin cuta. Annobar kwalara ta 1892 a Jamus ce ta kashe bakin masu gardama. Hamburg da Altona kogi ɗaya suke sha, wato Elbe, Altona ce ma a ƙasa inda ƙazantar Hamburg ke gangarowa. Amma Altona tana tace ruwanta da yashi, Hamburg ba ta yi. Hamburg ta binne mutum fiye da 8,000, maƙwabciyarta kuwa abin ya zo mata da sauƙi ƙwarai.

Amurkawa ba su iya wannan haƙurin ba, kogunansu ma ba su ba su dama ba, domin laka ta yi musu yawa, kafin ka ce kwabo ta toshe shimfiɗar. Daga 1895 zuwa 1897 George Fuller ya yi ta gwaji a Louisville da ruwan kogin Ohio, ya tabbatar da wata hanya: a fara zuba alif, irin wanda iyayenmu mata ke jefawa a randa, laka ta dunƙule, sannan a tura ruwan cikin yashi da sauri, kamar mita 5 a awa. In yashi ya toshe ba a kankare samansa da shebur, sai a juyo da ruwa daga ƙasa ya tayar da dattin ya fitar. Wannan juyin shi ne bakwash da muke yi har gobe. Sai dai sauri ya kashe 'yar fatar nan mai rai, don haka dole aka nemo mai maye gurbinta. A 1908 Jersey City ta fara sa sinadarin kulorin a ruwan sha a kullum. Tun daga nan aka raba gado: yashi ya kama datti, magani ya kashe cuta. Duk maigidan da ya kira ni ya ce yashinsa ya lalace don ruwa ya yi kore, wannan rabon ne bai sani ba. Gansakuka aikin magani ce.

Kwamin ninkaya na farko-farko ba su da matata ko kaɗan, cikawa ake yi, in ruwa ya yi dauɗa a zubar a sake cikawa. Da aka fara juya ruwa ta cikin matata, tsarin gidan ruwa aka kwafo: manyan tankunan ƙarfe, tsakuwa hawa-hawa a ƙasa, yashi a sama, bawuloli birjik. Dattawan da suka koya mana aiki irin waɗannan suka tarar a tsofaffin otal-otal da kulob-kulob, kuma yawancinsu masu gyaran famfo ne ko tsofaffin ma'aikatan gidan ruwa. Wanke yashi a wurinsu karatu ne: rufe wannan, buɗe wancan, in ka saɓa jeri ka maida datti cikin kwami.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kwami ya shiga farfajiyar gidajen masu matsakaicin hali a Amurka, musamman Kalifoniya, kuma mai gida ba zai ba tanki ɗaki guda ba. A shekarun 1950 zuwa 1960 aka fito da matata mai gudun gaske, wadda ruwa ke ratsa yashinta da mita 35 zuwa 50 a awa. Tanki ya tsuke, roba da faiba suka kori ƙarfe, bawuloli suka haɗe a hannu ɗaya mai matsaya shida: tacewa, bakwash, ɗauraya, zubarwa, zagaye ba tare da shiga yashi ba, da rufewa. Hayward da Pentair na Amurka da AstralPool na Sifaniya suka cika kasuwa, daga baya Intex da Bestway suka kawo kwamin leda da 'yar matatarsa a kwali guda, mutum ya saya ya haɗa da kansa.

An yi wa yashi kishiyoyi. Akwai garin ƙasar diyatom da sojojin Amurka suka yi amfani da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mai kama abin da bai wuce maikiron 5 ba, alhali yashi 20 zuwa 40 yake kamawa. Akwai kuma filtar takarda mai naɗe-naɗe. Amma a Kano ko Abuja, in hunturu ya kama, ƙura ta kwanta a kan ruwa tun da asuba, filtar takarda ba ta jimawa take toshewa, sabuwa kuma sai an nemo. Yashi hannu kawai za ka juya. Shi ya sa a nan bai da abokin takara.

Abin da bai zo a cikin kwalin ba shi ne ilimin dattawan nan, kuma a ganina yawancin kiran da muke samu daga nan suke fitowa. Ɗauki zuba yashi. A gindin tankin akwai wasu ƙananan bututu masu tsage-tsage, a baje kamar yatsun hannu, su ke tara ruwan da ya tatu. Robarsu ba ta da ƙwari. Sai ka fara cika tanki rabi da ruwa, ka ɗaure bakin bututun tsakiya da leda, sannan ka riƙa zuba yashi kaɗan-kaɗan har ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Yaron da ya daddage ya juye buhu guda a busasshen tanki ya fasa yatsa ɗaya, kuma ba za a sani ba sai Hajiya ta aiko cewa ana taka rairayi a gindin kwami. Gyaran kuwa sai an kwashe yashin kaf da kofi, hannu cikin tanki har kafaɗa.

Yashin kansa ma ba na tifa ba ne. Ƙwayarsa tana kusan rabin milimita, 0.45 zuwa 0.55, wankakke, mai kaifin gefe. Na bakin kogi yana da yumɓu da gari, wani ya wuce ta tsagen, wani ya daskare. Ina jin "ranka ya daɗe, ai yashi yashi ne" daga bakin 'yan kwangila, kuma ban taɓa ganin ta ƙare lafiya ba.

Kafin a fara tacewa sai a yi bakwash, a ɗauraye, sannan a duba gejin matsin ruwa a rubuta lambar a jikin tanki da maka. Wannan lambar ce madubin aikin. In allura ta hau da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, lokacin wanki ya yi. In ta faɗi ƙasa, matsalar tana kafin ruwa ya shiga inji: kwando ya cika da ganye, ko ruwan kwami ya sauka, ko zoben robar murfi ya bushe yana shan iska, za ka ga kumfa na wasa a ƙarƙashin murfin. In inji ya yi ta gurnani bai tashi ba, duba kafasita ko farfela. In ya yi aiki babu ruwa, sil ya ƙone. Kuma ba a juya hannun bawul inji na aiki, don robar cikinsa yagewa take yi, daga nan ruwa ya riƙa sulalewa ta bututun zubarwa dare da rana.

Wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita ita ce bakwash kullum safiya. Masu gadi na son yin sa don a ga suna aiki. Yashi mai ɗan datti ya fi sabon wanki tacewa, domin dattin ne ke rage girman ramukan. Haka ma son babban inji. Alhaji zai ce a sa masa mai ƙarfin doki biyu a kan ƙaramin tanki, ruwan ya huda hanya a cikin yashi ya riƙa wucewa yadda ya shigo. Ga kuma abin da yashi da kulorin duka ke gazawa a kansa: ƙwayar kiriftosforidiyam, mai kimanin maikiron 5, wadda ta kwantar da mutum wajen 400,000 a Milwaukee a 1993 ta ruwan famfo. Shi ya sa in yaro mai gudawa ya ɓata kwami, rufewa ake yi a yi masa magani mai ƙarfi, ko da ruwan na nan garau.

Wuta ce tamu matsalar da littafin kamfani bai san da ita ba. Ana so ruwan kwami duka ya ratsa matata cikin awa 6 zuwa 8, mu kuwa sai a ɗauke wuta, maigida ya dubi kuɗin dizal ya ce awa biyu ta isa. A nan ne sabbin injuna masu sauya gudu suka ja hankalina. Pentair ta fara fitar da su a tsakiyar shekarun 2000, kuma daga 2021 dokar Amurka ta sa yawancin manyan injunan kwami sun koma irinsu. Lissafin mai daɗi ne: ka rage gudun inji da rabi, wutar da yake ci ta sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas, abin da sola ke ɗauka ba wahala, ruwa kuma ya ratsa yashi a hankali ya fi tatuwa. Cikas ɗin shi ne ƙwaƙwalwar lantarkin da ke kansu ba ta jure wutar da ke hawa da sauka, in ta ƙone kuma kuɗinta ya kusa na sabon inji. Ni dai ba na haɗa wa kowa shi sai ya yarda an sa sitabilaiza tukuna.