Jinkirin da ya hana Henderson zama na farko

Dabarar auna nisan tauraro ba ta da wuyar fahimta. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka dube shi da idon dama kaɗai, sannan da na hagu; za ka ga kamar ya gusa. Duniya ma tana zagaya rana, bayan wata shida ta koma ɗaya ɓangaren, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Tauraron da ke kusa zai ɗan gusa a tsakanin na nesa, kuma daga gusawar ake lissafa nisansa.

Ganin gusawar ne ya gagari masana shekara da shekaru. A ƙarni na 16 Tycho Brahe na ƙasar Denmark ya neme ta bai gani ba, har ya yanke cewa duniya ba ta zagaya rana.

Wanda ya fara kamo bakin zaren a Afirka yake aiki. Thomas Henderson, ɗan Scotland, ya shugabanci gidan nazarin taurari na Cape Town a 1832 da 1833, inda ya yi awon tauraron Alpha Centauri. Sai dai bai yarda da na'urarsa ba. Ya koma gida da alƙalumansa, ya yi ta jan ƙafa.

Ana nan sai ga Friedrich Bessel, Bajamushen da ya fara rayuwa a matsayin akawun wani kamfanin 'yan kasuwa a Bremen. Zaɓinsa ne ya fi burge ni: bai bi taurari masu walƙiya ba, ya ɗauki wani dusasshe, 61 Cygni, don an lura yana sauya wuri da sauri, alamar yana kusa. Ya yi sama da shekara yana bibiyarsa daga Königsberg, ya bayyana sakamako a ƙarshen 1838. Gusawar da ya auna ba ta kai kashi ɗaya cikin 11,000 na digiri guda ba. Lissafinsa ya ba da tafiyar haske ta shekara 10 da 'yan kai. Awon yau ya ce 11.4.

Henderson ya fito da nasa a Janairun 1839, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tauraronsa ya fi na Bessel kusa da mu nesa ba kusa ba, amma a ganina ba a zalunce shi ba. Awon da aka kulle a akwati shekara biyar bai amfani kowa ba.