Idan Java ta ƙi aiki a kan Linux: Yadda ake gano inda matsalar take

Da yawa daga cikin manhajojin lissafin kuɗi, da na ƙididdigar kayan shago, da na adana bayanan ma'aikata ba sa tashi sai akwai Java a cikin kwamfuta. Muddin komai na tafiya daidai, mai aiki da su ba ya ma sanin tana nan. Sai ranar da aka sauya kwamfuta, ko ofis ya koma Linux domin rage kuɗin lasisi, ko aka sabunta babbar manhajar, sannan a danna manhaja ta yi shiru kamar an shuka dusa. A irin wannan hali abin da aka fi yi shi ne a miƙa kwamfutar ga mai gyara ya goge komai ya sake zubawa, kuma a nan ne bayanan bashi da na albashi na shekaru kan salwanta. Alhali mafi yawan matsalolin Java ba lalacewa ba ne. Saɓani ne tsakanin abin da manhaja ke nema da abin da kwamfutar ke miƙa mata.

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya fito da Java a 1995, bisa jagorancin James Gosling, kuma Oracle ya gaje ta da ya sayi Sun a 2010. Manufarta ita ce a rubuta manhaja sau guda ta yi aiki a Windows da Mac da Linux. Dabarar kuwa ita ce, manhajar ba ta magana da kwamfuta kai tsaye. Akwai wani inji a tsakani da ake kira JVM, wanda ke aiki kamar tafinta. Ƙunshin da ke ɗauke da wannan inji domin gudanar da manhaja shi ne JRE, wanda kuma ya haɗa da kayan aikin masu rubuta manhaja shi ne JDK. Ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis, na farkon ya ishe su. Kada kuma a rikita ta da JavaScript. Sunan ne kawai ya yi kama.

Umarnin da ke tafe na Ubuntu ne da danginsa irin su Debian da Linux Mint.

A sa ta faɗi abin da ke damunta

Manhajar Java da aka danna da linzami ta mutu ba ta nuna dalili, amma tana rubuta shi a inda ido ba ya gani. Don haka sai a buɗe tagar umarni ta Terminal, wadda a Ubuntu ke buɗewa idan aka danna Ctrl da Alt da T tare, a rubuta `java -version`. Idan amsar ta ce `command not found`, to babu Java, ko kuma tana nan amma kwamfutar ba ta san mazauninta ba. Ana girka ta da `sudo apt install default-jre`. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, aikin kan tsaya rabi-da-rabi har ya hana girka wani abu daban. Maganinsa `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`.

Bayan haka a shiga foldar da manhajar take, a tashe ta da `java -jar sunanta.jar`. Rubutun da zai zubo yana da tsawo da ban tsoro, amma layin farko da duk layin da ya fara da `Caused by` su ne masu amfani. Idan ya ce `Unable to access jarfile`, a sake duba sunan. Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Kaya.jar da kaya.jar fayil biyu ne a wurinsa, saɓanin Windows.

Saɓanin siga

A nan ne akasarin matsalar take, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Tun daga 2018 ake fitar da sabuwar sigar Java duk wata shida, a Maris da Satumba. Kaɗan ne daga ciki ake kula da su na tsawon shekaru, kuma su masu manhaja suka fi dogara da su, kamar Java 8 ta 2014, da 11 ta 2018, da 17 ta 2021, da 21 ta 2023. Tsohon inji ba ya fahimtar manhajar da aka haɗa domin sabo. Idan aka gwada, sai ya fito da `UnsupportedClassVersionError` tare da lambobi biyu, misali 61.0 da 52.0. Waɗannan lambobi ba su ne sigar Java ba, amma lissafin mai sauƙi ne: a cire 44 daga kowace. Ke nan 61 na nufin Java 17, 52 kuma Java 8. Saƙon na cewa manhajar na buƙatar 17, kwamfutar kuwa 8 take da ita. Haka 55 ita ce 11, 65 kuma 21. Sai a girka wadda ake nema, misali `sudo apt install openjdk-17-jre`.

Akasin wannan ya fi ruɗarwa, domin mutum kan ɗauka sabon abu ya fi tsoho a kowane hali. A Java 11 an cire wasu sassa da tsofaffin manhajoji suka jingina da su. Manhajar da aka rubuta a zamanin Java 8 na iya mutuwa da saƙon `NoClassDefFoundError` mai ambaton `javax/xml/bind`, ko ta yi ƙorafin rashin JavaFX, wadda tun daga siga ta 11 ake girka ta daban da sunan `openjfx`. Wannan ne dalilin da ya sa manhajar da ta yi shekaru tana aiki kan tsaya cak washegarin sabunta Ubuntu. A Ubuntu 22.04 ƙunshin `default-jre` na kawo Java 11, a 24.04 kuma yana kawo 21. Babu abin da ya taɓa manhajar, tafintan ne aka sauya mata. Ubuntu na da `openjdk-8-jre` a rumbunsa ga mai irin wannan tsohuwar manhaja, ko da yake gyara na dindindin shi ne wanda ya sayar da ita ya sabunta ta.

Sigogi da yawa na iya zama a kwamfuta ɗaya ba tare da rikici ba, kowace a ɗakinta cikin `/usr/lib/jvm`. Abin lura shi ne girka sabuwa ba ya tabbatar da cewa ita za ta amsa idan aka kira `java`. Umarnin `sudo update-alternatives --config java` na jera duk waɗanda ke akwai, da tauraro a gefen wadda ke kan aiki, sai a zaɓi lambar da ake so. A ganin wannan shafi, ofishin da ke da manhajoji biyu masu buƙatu daban bai kamata ya riƙa juya wannan zaɓi kullum ba, domin wata rana za a manta. Ya fi dacewa a kira kowace da cikakken adireshin injinta, kamar `/usr/lib/jvm/java-17-openjdk-amd64/bin/java -jar kaya.jar`.

Wani tarkon kuma shi ne `JAVA_HOME`, wato alamar da wasu manhajoji ke bi maimakon zaɓin da aka yi a sama. Sau da yawa `java -version` kan nuna 17 amma manhaja ta dage cewa 8 take gani, saboda wani ya taɓa rubuta tsohon adireshi a `/etc/environment` ko `.profile` ko `.bashrc`. Ana duba ta da `echo $JAVA_HOME`, a gwada da abin da `readlink -f $(which java)` ya nuna. Adireshin da za a ba ta ya tsaya kafin `bin`. Bayan an gyara sai an fita daga asusun an sake shiga kafin sauyin ya kama ko'ina.

Akwai kuma ƙunshin da sunansa ya ƙare da `headless`. An yi shi ne domin manyan kwamfutoci marasa allo, don haka babu sassan zana taga a cikinsa. Idan manhaja ta kawo `HeadlessException` ko ta ce ba ta ga `libawt_xawt.so` ba, a girka cikakken ƙunshin mai wannan lamba.

Ƙarancin wurin aiki

Saƙon `OutOfMemoryError: Java heap space` ba ya nufin faifan ajiya ya cika. Ƙwaƙwalwar wucin-gadi, wato RAM, ita ce ta yi wa manhajar kaɗan. Idan ba a faɗa mata komai ba, Java kan iyakance kanta ga kashi ɗaya bisa huɗu na RAM, ke nan kusan gigabait 1 a kwamfuta mai gigabait 4. Babban rahoton ƙarshen shekara na iya haure wannan. Ana ƙara mata da `java -Xmx2g -jar kaya.jar`, kuma dole `-Xmx2g` ya zo kafin sunan fayil ɗin, in ba haka ba injin ba zai kula shi ba.

Sai dai a yi hattara da zarce gona da iri. Idan aka yi wa Java alkawarin abin da kwamfutar ba ta da shi, Linux da kansa zai kashe ta domin ceton sauran ayyuka, kuma kalma ɗaya tak za a gani, `Killed`. Ana tabbatar da hakan da `journalctl -k`, inda za a ga ambaton `Out of memory`. Umarnin `free -h` na nuna abin da ya rage. A tsohuwar kwamfuta, rufe burauza mai shafuka ashirin a buɗe ya fi ƙara lamba amfani.

Agogo da takardar shaida

Manhajar da ke tura bayanai ta intanet na iya tsayawa da saƙo mai ɗauke da `SSLHandshakeException` ko `PKIX`. Kafin komai a rubuta `timedatectl` a duba kwanan wata. Kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwanninmu kan zo da ɗan batirin agogo, mai lamba CR2032, wanda ya riga ya mutu, don haka da zarar wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Java kuwa ba ta amincewa da takardar shaidar da lokacinta bai zo ba a lissafin agogon. `sudo timedatectl set-ntp true` na daidaita shi idan akwai intanet, sauya batirin kuma na kashe maganar.

Idan agogo daidai yake kuma saƙon ya ce `PKIX path building failed`, to Java ba ta san hukumar da ta ba da takardar ba. A Ubuntu ƙunshin `ca-certificates-java` ne ke haɗa ta da jerin da Linux ya amince da shi, kuma `sudo update-ca-certificates -f` na sabunta shi. Tsohuwar Java da aka kwafo da hannu daga filashi tana da nata jerin wanda ba ya sabuntuwa. A intanet za a tarar da masu ba da shawarar a kashe binciken takardar gaba ɗaya. Lallai manhajar za ta tashi, amma daga nan duk wanda ya shiga tsakani zai iya karanta kalmar sirri da bayanan kuɗin da ke wucewa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Wannan ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Wani lokaci ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ta rubutun Nijar, kan fito a matsayin ƙananan akwatuna, wani lokaci kuma alamar tambaya, kuma cutar ba ɗaya ba ce. Akwati na nufin bayanin lafiyarsa ƙalau, salon rubutun ne ba shi da baƙin, kuma girka `fonts-dejavu` kan wadatar. Alamar tambaya ta fi haɗari. Kafin Java 18 ta 2022, wadda ta mayar da UTF-8 tsarin asali, injin kan bi tsarin baƙaƙen da ya tarar a kwamfuta. Idan `locale charmap` bai amsa da UTF-8 ba, tsohuwar Java na iya adana Ɗanladi a matsayin ?anladi, kuma da zarar an adana haka baƙin ya tafi ke nan, sai dai a sake bugawa da hannu. A rajistar albashi ko ta fansho, inda saɓanin baƙi ɗaya ke iya tsayar da biyan mutum, ba ƙaramar asara ba ce. Ana kauce masa da sanya `-Dfile.encoding=UTF-8` kafin `-jar`, kuma a yi haka tun kafin a fara shigar da sunaye.

Abin da ba ya gyaruwa

Tsohon shafin intanet da ke cewa a kunna Java a cikin burauza ya riga ya rasa mazauni. Chrome ya rufe wannan ƙofa a 2015, Firefox ya bi sahu a 2017, kuma babu yawan girkawar da za ta buɗe ta. Fayil mai ƙarewa da `.jnlp` kuwa yana da mafita, domin ko da yake Oracle ya cire Java Web Start a siga ta 11, manhajojin IcedTea-Web da OpenWebStart na buɗe shi.

Game da inda za a samo Java, OpenJDK da ke rumbun Ubuntu kyauta ce ga gida da kasuwanci, haka ma Temurin ta gidauniyar Eclipse. Ta Oracle tana da sharuɗɗan da suka sauya fiye da sau ɗaya, kuma tun 2019 sabunta Java 8 tasu domin kasuwanci na buƙatar biyan kuɗi, don haka ofis ya karanta lasisi kafin ya sauke.

Idan injin da kansa ya faɗi, yakan bar fayil mai suna da ya fara da `hs_err_pid` a foldar da aka tashe shi. Wannan fayil, da sakamakon `java -version`, da na `cat /etc/os-release`, da cikakken rubutun kuskuren, su ne abin da mai manhajar zai nema. A kwafe su a matsayin rubutu maimakon ɗaukar hoton allo da waya, a kuma share sunan asusu da adireshin rumbun bayanai kafin a tura.