Daga Tukunyar Bugazau zuwa Kunun Zaƙin Tarauni

Tarihin Kano ya ambaci Bugazau cikin mutanen Barbushe na dutsen Dala, sana'arsa kuwa dafa giya.

Matan Maguzawa ne suka riƙe sana'ar a ƙauyuka. Sukan jiƙa jar dawa, su shimfiɗa ta har ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa cikin manyan tukwane, sannan a bar ruwan ya kwana ya yi kumfa, burkutu ya fito jawur.

Jihadin 1804 ya rage wa sana'ar kasuwa, Shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ta ƙara ture ta gefe.

Tsiron hatsi dai bai ɓace ba. Har yau mata a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na sa shi cikin kunun zaƙi, abin sha na halal.