Harshe da Rabon Abinci a Jama'ar Kirista ta Farko a Urushalima

Saɓani na farko da aka rubuta tsakanin ɓangarorin mabiya Annabi Isa (A.S.) a kan rabon abinci ya taso, kuma harshe ne ya raba ɓangarorin. Labarin yana cikin sura ta 6 ta littafin Ayyukan Manzanni, wanda akasarin masana suke ganin an rubuta shi tsakanin shekarar 80 da 90 Miladiyya, watau kimanin shekara hamsin bayan aukuwar al'amarin.

A lokacin nan jama'ar duk Yahudawa ne, amma kashi biyu suke. Akwai 'yan ƙasa masu magana da Aramiyanci, daga cikinsu ne Hawariyawa goma sha biyu suka fito, waɗanda fassarar Hausa ta kira manzanni. Akwai kuma waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suka komo Urushalima, Helenanci ne harshensu, da shi suke ibada. Masu hali sukan sayar da gona ko gida su kawo kuɗin, daga nan ake ciyar da mabukata kullum. Sai masu Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazajensu suka rasu. Ƙarar kuwa ba ƙarama ba ce, domin mace baƙuwa wadda danginta suke Iskandariya ko Kurane, in rabo ya wuce ta, yunwa ce a gabanta.

Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar. Hawariyawa ba su naɗa kowa da kansu ba. Sun tara jama'a, jama'a ta zaɓi mutum bakwai, su kuma suka ɗora musu hannu suka yi addu'a. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, har ɗayansu, Nikolas mutumin Antakiya, shiga addinin Yahudu ya yi, ba haifaffensa ba ne. Suna kaɗai ba hujja ce yankakkiya ba, tun da a cikin Hawariyawa ma akwai Filibus da Andarawas. Duk da haka alamu sun fi nuna cewa masu ƙarar ne aka danƙa wa amanar.

Marubucin ya ce aikinsu hidimar abinci ce, sai dai bai nuna ko ɗayansu yana rabo ba. Istifanas muhawara yake yi a majami'un masu Helenanci har aka jefe shi, Filibus na cikin bakwai ɗin kuwa wa'azi ya tafi yi Samariya. Ke nan shugabanni ne na ɓangarensu, ko da yake littafin ya sassauta faɗin haka. Tsanantawar da ta biyo bayan kisan Istifanas ta warwatsa jama'a, Hawariyawa kuwa suka zauna a birnin. Waɗanda suka watse ne suka kai saƙon Antakiya, inda wasu mutanen Kubrus da Kurane suka fara yi wa Helenawa magana, a can ne kuma aka fara kiran mabiyan da sunan Kirista.