Makullin Iska da Yoyon Man Giya: Yadda Aka Faro

Hanyar da ta bar kwalta ta gangara fadamar Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, fuska biyu gare ta. Da damina laka ce mai kama taya, da rani kuma rairayi. Haka abin yake a ƙauyukan Rabah da ke bakin gulbin Sakkwato. Duk direban da ya taɓa kafewa a nan ya san abin takaicin: taya ɗaya na ta juyi tana watsa taɓo, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi.

Ba lalacewa motar ta yi ba, aikin difaranshal ke nan, wato tarin giyoyin nan da ke tsakiyar bakaksil. An ƙera shi ne don tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana, sai dai a santsi tayar da ta rasa riƙo ita ke ta juyawa. Maganin shi ne a kulle tayoyin biyu su juya tare.

Land Rover ta fito a 1948, Toyota ta sa wa motarta suna Land Cruiser a 1954, Hilux ta biyo baya a 1968. Dukkansu sun yi aiki a ƙasar Sakkwato, amma jan ƙafa huɗu daban, kulle difaranshal daban. Manoman yankin nan a jikin tarakta suka fi sanin makullin, wani ɗan feda da direba ke takawa da diddige idan garma ta nutse. Sai kuma manyan motoci. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka ƙaddamar a 1992, aiki ne na jibgar ƙasa da yashi, kuma har gobe tifofi na shiga gulbi ɗibar yashi. Babbar mota da iska take taka birki, don haka maƙera ba su sha wahala ba wajen jan wannan iskar ta tura makulli.

Ƙaramar mota ba ta da tankin iska. Wannan giɓin aka cike a Ostareliya. Anthony Ronald Brown ya kafa kamfanin ARB a Melbourne a 1975, yana ƙera kayan ƙarfe na motocin daji. A 1987 kamfanin ya sayi wani makulli mai suna Roberts Diff Lock, ya gyara shi ya fito da shi da sunan Air Locker. A nan wajenmu ba kasafai ake ganinsa ba, jefi-jefi ne a jikin Land Cruiser ko Hilux da aka shigo da ita da shi.

Daga wannan ƙira ta ARB yoyon man giya ya samo asali. A yawancin manyan motoci silindar iskar a jikin kwanson bakaksil take, ba ta juyawa, sanda kawai take turawa. Na ARB kuwa fistin ɗin yana cikin difaranshal ɗin da ke juyawa. Iska na tashi daga wani kwamfireso da ake ɗaura wa motar, ta ratsa bawul ɗin lantarki, ta bi siririn tiyon roba zuwa bakaksil, ta shiga bututun jan ƙarfe, sannan dole ta tsallaka daga abin da ke tsaye zuwa abin da ke juyi, a tsakiyar man giya. Abin da ya raba iskar da man zoben roba ne guda biyu, ƙarfe na goga su muddin mota na tafiya. Dabara ce mai kyau, amma duk amanar a kan robar nan ta rataya.

Idan zoben ya cinye, iska na sulalewa cikin kwanson, ta matse man ya nemi mafita: ta kafar numfashi da ke saman bakaksil, ko ta oyil-sil na gefen taya, ya jiƙa birki. Wani lokaci kuma man ne ke hawa tiyo, a ga yana fesowa daga bawul a ƙarƙashin bonet duk sanda aka saki makulli, da warin nan nasa na kibiritu. Ɗan danshi kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Ɗiga ita ce magana.

Sai dai a ganina, a ƙasa irin ta Wurno, sau da yawa ana ɗora wa zoben laifin da ba nasa ba. Kafar numfashin nan 'yar mitsitsiya ce, lakar fadama na bushewa a kanta kamar yaɓen ɗaki. Man ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura, ba ta da hanya, sai ta tura man ta bayan zobe lafiyayye. Bakanike ya sauke difaranshal, ya sa sabuwar roba, bayan kwana kaɗan mai mota ya dawo yana cewa, "Oga, abin nan fa bai daina ba." Akwai kuma akasin haka: bakaksil da zafinsa ya faɗa ruwan mashigi, ya huce farat ɗaya ya zuƙi ruwa, man ya yi fari, yashin da ya shigo ya bi zoben da ci.

Shi ya sa masu sanin aikin ba sa fara da kwance ƙusa. Za su kunna makulli mota na tsaye su saurari kwamfireso. Idan yana tashi yana mutuwa ba hutawa, iska na gudu. Su shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo su ga ko zai yi kumfa. In waje lafiya ne, su buɗe murfin zuba mai su kara kunne, hucin iska daga ciki shi ne shaidar zobe ko bututun jan ƙarfe. Su duba ko an cika man ya wuce bakin rami, da ko boris ya yi lako-lako yana sa difaranshal rawa, don wannan ma na kashe sabuwar roba. Kafar numfashi kuwa cire ta ake yi a wanke, a jona mata dogon tiyo a ɗaure bakinsa can sama kusa da injin, inda ruwa da laka ba sa kaiwa.